Zuwa ga Bazazzagi Mai Fijon Turi

Bawana Bazazzagi, ya gajiyar turi? Labari ya iso mana Kano cewa yaran unguwarku sun daina bi ta ƙofar gidanka da safe, don duk wanda kuka haɗa ido sai ya sa hannu a bayan fijon nan. An ce ko a masallaci, ana sallame asuba sahu yake watsewa tun kafin ka shafa addu'a.

Ban raina motar ba, kar ka kai ƙarata. Peugeot 504 ce, wadda Faransa ta fitar a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975. A shekarar nan dai aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, wato a ƙasarku. Abin kunyar ke nan. Mutumin da aka haɗa mota a bayan ɗakinsa, shi ne yau yake aiko saƙo Kano a taimaka masa da kwantak. Sai da ka gama Panteka rumfa-rumfa, ka dawo hannu rabbana, sannan ka tuna da iyayen gidanka.

To, zauna in karantar da kai, tunda birnin ilimin naku bai kai nan ba. Batir volt 12 yake bayarwa, wannan kuwa ba ya kunna fetur. Kwayil ne ke ɗaga wutar zuwa dubban volt, kuma ba ya yi sai kwantak ya buɗe baki ya yanke masa wuta. Daga nan rota ta raba wa fulogai huɗu bi da bi: 1, 3, 4, 2. Kwandansa, ɗan gwangwanin nan da bai wuce babban yatsanka ba, ita ke shanye tartsatsi don kada bakin kwantak ya ƙone. Kai kuwa saboda maƙo sai ka sayi sabon kwantak ka bar tsohuwar kwandansa. Ba a jima ba bakin ya yi baƙi ya rarake, ka hau tsine wa mai shago, wai jabu ya ba ka.

Sannan ba kowace 504 ke da distiributa iri ɗaya ba. Wata Ducellier ce a jikinta, wata Paris-Rhône, kwantak ɗin wannan ba ya zama a waccan. Amma sai ka tsaya gaban shago da babbar riga, ka ce a ba ka na fijo, har da ɗan Turancin jami'a a kai. Yaron shagon nan abin da ya taso ya gani shi ne a jona wa mota kwamfuta ta faɗi ciwonta. Dole ya riƙa kallonka.

Rewayanka ma an ba ni labarinsa. Ya ciro kwantak ya goga da sanfefa, ya hure shi, ya yago kwalin ashana ya zura tsakani, ya ce rata ta yi daidai. Abin da ake so kusan milimita 0.4 ne, kwali kuwa wani ya fi wani kauri, amma ka biya ka yi godiya. Murfin distiributa ya tsage, kuka liƙe da gam. Bari damina ta kankama, laima ta shiga tsagar nan, ka ga yadda wuta ke ɓata hanya.

Akwai ƙaramar na'urar lantarki da ake ɗaurawa a madadin kwantak, ba guga ba gyaran rata. Na san ba za ka yarda ba, za ka ce an ɓata maka kayan tarihi.

Saboda haka ka kwance distiributar gaba ɗaya, ka naɗe ta a tsumma, ka hau motar haya. Haya na ce, kar ka taso da fijon ka tare mana hanya a Kwanar Ɗangora. Zan kai ka Ƙofar Ruwa wajen dattawan da suka tsufa a kan kayan fijo, a gwada a gabanka, ka ɗauki kwantak, kwandansa, rota da murfi lokaci guda, biyu-biyu in an samu. Ka zo ranar Asabar da hantsi, ka kuma taho da kuɗinka a hannu, don Bakano ba ya ba Bazazzagi bashi.