Likitocin Fim na Kasuwar Sabon Gari

Da hukuma ta tashi 'yan sarin magani daga Sabon Gari a 2024 ta ce su koma Dangwauro, ba ta gama aikinta ba. Akwai wasu likitocin da ta bari, suna nan daram a kowane layi na Kasuwar Abubakar Rimi, ba lasisi, ba farar riga. Ba ruwansu da abin da ke damunka. Kai dai tsaya taya kwalin sabulu, kafin a miƙo maka canji an rubuta maka fim uku, safe da rana da dare.

"Yallaɓai, ka kalli Labarina kuwa?"

Ka kuskura ka ce a'a, sai a rafka salati, a kira maƙwabcin shago ya zo ya ga abin al'ajabi.

Likitocin nan iri-iri ne. Akwai mai farawa da rantsuwar ba zai ɓata maka kallo ba. "Wallahi ba zan gaya maka komai ba, amma ka lura da direban gidan, shi ne uban yarinyar." Kafin ka ɗaure ledarka ya kashe mutum uku, ya raba aure biyu, ya kai bos gidan yari. Sannan ya ce ka je ka kalla, za ka sha mamaki. Wane mamakin ya rage?

Akwai wanda bai kalli fim ɗin ba sam. Guntun da aka yanko a TikTok ya gani, inda wata ta wanke wani da mari, amma a kansa zai yi musu har a kira la'asar.

Babbansu shi ne Alhaji mai cewa fim ne ya lalata tarbiyyar yaran zamani. Shi ba ya kallo, Allah ya kiyaye. "Yara ne ke kunnawa a falo, ni wucewa kawai nake yi." Wucewar nan takan ɗauki awa guda cur. A cikinta ne ya san Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta zama Sumayya, kuma har yau bai huce ba. Ka tambaye shi Ertugrul na Turkiyya da ya cinye zango biyar ɗinsa kaf, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Kai yaro, wannan ba fim ba ne, tarihi ne."

A da sana'ar tana da dalili. Lokacin da ake zuwa Plaza a Fagge ko El Dorado a Sabon Gari, fim ɗaya ake haskawa, wanda ya je shi ke ba 'yan layi labari da safe, har da kwaikwayon faɗan. Da aka yi Turmin Danya a 1990 kaset ya buɗe kasuwa, Ƙofar Wambai da Bata suka cika da masu saye. Faifai ya kori kaset, masu turi a waya suka kori faifai. Netflix ta iso Najeriya a 2016, Northflix ta biyo baya da finafinan Hausa, Arewa24 ta yi manhajarta, YouTube kuwa kullum sai an ɗora sabon kashi. Yanzu mutum sai ya kwana yana zaɓe bai kalli komai ba. Shi ya sa kasuwar likitoci ta buɗe.

Tunda kowa ya zama likita, ni ma ga tawa takardar, kyauta.

Oga da Alhaji da bango ɗaya ya raba shagonsu, kullum suna rigima kan wa ya tare wa wani gaba da kaya, su zauna benci ɗaya su kalli Lionheart na Genevieve Nnaji a Netflix. Kamfanin motocin sufuri ne na Enugu bashi ya shaƙe, 'yar mai kamfanin ta nemi mafita wajen wani attajirin Kano, Alhaji Maikano, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa. Har Pete Edochie ya juya harshe zuwa Hausa. Duk mai loda kaya a manyan motocin New Road ya san wannan ƙawancen tun kafin a sa shi a fim.

Alhajin da 'ya'yansa suka cika tambayarsa "Baba, ya jikin?" alhali ko mura ba ya yi, ya nemi Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi. Zai yi dariya, daga baya ya canza wa makullin sito wurin ɓoyo.

Mai neman shugabancin ƙungiyar 'yan layi, wanda ya fara gaishe mu da hannu biyu tun da zaɓe ya matso, nasa Kwana Casa'in ne na Arewa24. Siyasar jihar Alfawa ce, jihar da babu ita a taswira, amma duk wanda ya kalla sai ya rantse ya san gwamnanta.

Yaron shagon da 'yar maigida ke yi wa kallon banza ya lallashi zuciyarsa da Izzar So na Lawan Ahmad a YouTube, ya ga yadda Umar Hashim ya jure izzar Nafisa. Sai dai ya tuna shi Umar Hashim marubuci ne ke tsaye masa.

Mai littafin bashi kuma kada a bari ya kalli Squid Game na Koriya shi kaɗai. Mutum 456 ne da bashi ya yi wa katutu aka tara ana wasa da rayukansu. Akwai masu ba da kaya bashi a kasuwar nan da za su kalla su ce a kawo biro.

Masu son gardama zalla su kalli Amina na 2021, su ji sarauniyar Zazzau tana ba dakarunta umarni da Turanci. Musun mako guda ya samu.

To, sai maganar kuɗin magani, inda likita da majinyaci ke haɗa baki. Mutumin da za ka taya wa kaya ya ce "albarka" saboda naira hamsin, shi ne bai yarda fim kaya ba ne. Mutum ɗaya ke biyan Netflix, layi guda ke ci. Lambar sirrin ta zaga daga 'yan takalma zuwa 'yan robobi, har mai ita ya zo shiga a ce masa wuri ya cika. Sai ka ji yana bugun waya: "Don Allah wa ke ciki? Ya ɗan fito, Hajiya za ta shiga." Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, ko YouTube ɗin ma mutum ɗaya ke saukewa cikin dare, da safe a yi layi: "Tura min ta Xender."

Su ne kuma kan gaba wajen ƙorafi. Wai talla ta yi yawa, ana tsakiyar kuka sai a yanke a kawo mai turaren wuta da mai sayar da filaye. To da me kake so mai fim ya biya 'yan wasa da mai kyamara da man janareta, da addu'arka? Wai masu fim su je su koyo aiki wajen Koriya. Ai 'yan Koriyar ba da "Allah ya ƙara basira" suke gina waɗancan ɗakunan ba.

Saboda haka ga doka, ko ƙungiya ta sa hannu ko kada ta sa. Duk wanda ya tare ka da "lallai ka kalli wannan", tambaye shi nawa ya biya. In ya fara sosa ƙeya yana "ai wani ƙanena ne ya turo min", ɗauki turmin atamfa ɗaya a shagonsa ka saɓa a kafaɗa. In ya biyo ka da ihu, ka ce masa ya kwantar da hankalinsa, kallo kawai za ka yi ka tura wa na gaba.