Orijina Ce, Wallahi!

A Kano ba a zuwa sayayya a kaɗaice. Ko allura mutum zai saya sai ya ɗebi 'yan rakiya, kuma da zarar an cika adaidaita sahu kowannensu ya zama gwani. Mun saba ganin haka a Farm Centre, inda mutum huɗu za su kewaye waya ɗaya, wanda bai taɓa riƙe irinta ba shi ya fi kowa ɗaga murya. Yanzu abin ya tsallaka kan jitar lantarki, tunda wasu samarinmu na Unguwar Gano da Gyadi-Gyadi suka fara kallon Bombino da Mdou Moctar a waya. Sun ga rawani, sun ga shadda, sun ga jita a rataye, sai suka ce ai rawani da shadda dama muna da su, saura abu ɗaya.

Wani ɗan maƙwabcinmu ya yi adashi ya kwashe, ya nufi Sabon Gari, inda masu kiɗan coci suka daɗe suna sayen irin waɗannan kaya. Ya tafi da mai gyaran janareta, da abokinsa mai sayar da caja, da wani kawunsa da ya taɓa zaman Legas. Mai janareta ya ɗaga jitar sama, ya jinjina, ya ce, "Wannan akwai ƙarfe, a biya." Mai caja ya tambaya ko tana riƙe caji. Kawu kuwa ya kai hanci ya shinshina, ya girgiza kai, ya ce ta Legas ba haka take ƙamshi ba. Sannan aka zo kan tambayar da muka gada kaka da kakanni: "Oga, orijina ce?" Ban san amsar da muke jira ba. Tun da aka kafa kasuwa a duniya ba a taɓa jin mai kaya ya dafa ƙirji ya ce, "A'a yallaɓai, jabu ce, ni ma cuta ta aka yi."

Aka duba kwali, aka duba leda, aka yi ciniki har da tafiya a dawo. Abu ɗaya ne kawai ba a yi ba, wato a jona ta a ji muryarta.

Suna muke saye, shi ne ciwon. Yaron ya ji ana cewa Fender, shi ke nan, ko Fender ko a fasa. Bai san cewa Leo Fender ɗin da kansa mai gyaran rediyo ne a Kalifoniya, kuma bai iya kaɗa jita ba, duk da shi ya fito da Stratocaster a 1954. Kamfanin Gibson kuma ya fito da Les Paul tun a 1952, mai nauyi, mai kaurin murya. Kowane ɗayansu yana da ƙaramin gida na masu ƙaramin aljihu: Squier na Fender ne, Epiphone na Gibson ne, halal ɗinsu, ba sata ba. Ga Yamaha da Ibanez na Japan, waɗanda mai koyo zai shekara yana dukansu ba su yi ƙorafi ba. Amma ka miƙa wa saurayinmu Squier mai lafiya, sai ya yatsine fuska don sunan Fender an rubuta shi ƙanana a gefe. Ya gwammace wadda aka manna wa sunan ɓaro-ɓaro, ko da man gam ɗin bai gama bushewa ba, saboda ita za ta fito a hoto.

Alhali ko sunan ne ma ake so, akwai alamu. Kunnuwan ɗaure tsirkiya shida na Stratocaster jere suke a gefe guda, na Les Paul uku nan, uku can. In ka ga kan Gibson da sunan Fender, to auren dole aka yi musu a wani lungu. Ƙaramin murfin da ke kan Gibson ta gaskiya kusa biyu ke riƙe shi, jabu sau da yawa uku take zuwa da su, wai don a nuna ƙwazo.

Mu da ba ma sayen ragon layya sai mun buɗe masa baki mun ƙirga haƙora, me ya hana mu buɗe wa jita? Ka ɗaga ta, ka sa ido ɗaya daga gindi ka hango wuyan har kai. In ya murɗe, ajiye ta, ko da mai shago zai rantse da kabarin kakansa. Ka shafa gefen wuyan da hannu, in bakin ƙananan ƙarafan nan yana karce ka, aikin gaggawa ne. Ka duba tazarar tsirkiya da wuya, in ta yi nisa yatsunka za su yi kanta kafin ka koyi waƙa ɗaya, in ta kwanta sosai kuma sai zuzu. A jona ta da amfilifaya, a murɗa kowane maɓalli a ji ko yana ƙarar-ƙarar, a juya makunnin da ke zaɓar maganaɗisun ɗaukar sauti ɗaya bayan ɗaya, a girgiza wayar a bakin raminta. A saita tsirkiya, a kaɗa na ɗan lokaci, a ga ko saitin ya zauna. In an ce maka babu wuta, ka ce a tayar da janareta. Nan ne ma mai gyaran janaretan zai yi rana.

Kuma in kai bahago ne, ka faɗa tun da wuri. Mdou Moctar ɗin da kake kwaikwayo bahago ne, kada ka je gida kana juya jita kana zargin mutanen ɓoye.

Tunda an ambace shi, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Kundin waƙoƙinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, ya bazu daga waya zuwa waya a Sahara kafin Turawa su san da shi. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, babu wanda ya taɓa tare shi ya ce a nuna kwali.

Ɗan maƙwabcin namu dai ya dawo da tasa, ja jawur, suna manya-manya. Sai a gida ya gano cewa jitar lantarki ba ta magana sai da amfilifaya, kuɗin kuwa sun ƙare a ciniki da lemon 'yan rakiya. Ya aro wata a wajen masu situdiyo na Titin Zoo Road, kuma tun daga ranar duk sanda aka kawo wuta unguwa ta sani, don ba ma sai yara sun yi ihu ba.

Saboda haka ɗan'uwa, in ka samu mai kyau Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a ji ka har Agadas. Amma don girman Allah ka rage canji ka sayi abin sawa a kunne. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma muna da tashin asuba.