Angon da Ya Ƙi Fita Daga Kati

Yayana ya tafi ta'aziyya ya bar mini shagonsa na buga katin biki, da kashedin kada in taɓa komai. Bai kai tasha ba sai ga Hajiya ta faɗo, mayafi a hannu. An fasa da wancan yaron, an ba wani. Rana tana nan, masallaci yana nan, sunan ango kawai za a sauya a katin ɗaurin aure.

Na ce, "Hajiya, ai wannan kafin ki zauna an gama."

Na buɗe katin a CorelDRAW, manhajar nan ta Kanada da ta fito tun 1989, wadda kusan duk mai buga fosta a garin nan da ita yake cin tuwo. Daɗinta, komai a cikinta zaman kansa yake: fure daban, zobe daban, rubutu daban, ka ja wanda ka ga dama ka kai inda kake so. Na danna sunan tsohon ango, na buga maɓallin gogewa. Yana nan. Na ja shi gefe, ko gezau. Na ce bari in mai da shi fari ya ɓace a jikin takarda, ya ƙi karɓar launi. Sunan amarya kuwa da na taɓa sai ya biyo ni salin-alin.

Hajiya ta matso da kujera. "Ya ƙi fita ko? Dama na faɗa wa Alhaji, dangin yaron nan ba haka suka bar mu ba."

Na sauya linzami, na kashe kwamfuta na kunna. Can Hajiya ta kafe gilashi da ido, ta nuna da yatsa. Ƙananan murabba'ai baƙaƙe da ke kewaye abu idan an zaɓe shi, a wannan sunan duk sun koma 'yan kwaɗuna, kowanne a datse.

"Innalillahi! Kulle ta suka yi! Har da kwaɗo!"

Tana laluben lambar malaminta, ni ina laluben ta Yaya. Ya ɗauka yana raɗa, don ana tsakiyar addu'a. Shi ya kulle sunan, saboda dangin angon sun sa shi gyara harafi ɗaya har ya gaji, yana tsoron hannu ya goce. "Danna ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Unlock Object. Shi kaɗai fa!"

Layin ya yanke kafin "shi kaɗai" ta gama shiga kunnena, ga kuma umarnin buɗe duka gaba ɗaya ya fi kama da aikin manya. Tsohon ango ya fita lafiya, amma da na ja sabon suna sai zanen bango ya biyo hannuna, furanni suka hau kan adireshin masallaci. Sai da na yi ta danna Ctrl da Z kamar mai jan carbi kafin kowa ya koma gidansa.

Hajiya ta karanta sabon suna, ta gyara mayafi.

"To ɗan nan, mayar da kwaɗon nan a kan wannan. Na amarya ma sa mata. Kuma kada ka nuna wa kowa yadda ake buɗewa."