Waliyyi Mai Kwaɗayin Tsaraba

A majalisa babu wanda ya kai ni wa'azi kan aure. Kullum cewa nake a duba hali da addini da asali, kada a sayar da 'ya. To, yau zan tona wa kaina asiri: da zarar an ce manemin ya zauna a Saudiyya, wa'azina ya ƙare.

Ni ne waliyyin 'ya'yan ƙannena a ƙauyenmu na ƙasar Roni, saboda haka duk mai neman aure ta zaurena yake biyowa. Idan manomi ne, ko ya cika rumbu da gero ya sayar da riɗi buhu-buhu, sai na tsare shi da tambaya: wane ne kakanka? Ka yi sauka? Amma ɗan Takari ya shigo da jallabiya, zaure ya gauraye da turare, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni?" sai in ji bakina yana cewa, "Lafiya lau, Alhaji, hawo kan darduma." Yaron da na ci naman sunansa! Ba na tambayar shara yake yi a Jidda ko wankin mota, yana da iƙama ko wasan ɓuya yake da 'yan sanda. Dabino da zamzam sun riga sun amsa.

Har matsayi na yanka musu. Mazaunin Makka ko Madina ne a gaba. Sai wanda ya tsallaka ta Babura, ya bi Damagaram da Agadas, ya yi leburanci a Libiya. Ɗan ci-ranin Legas kuwa sai in an rasa. Tun da aka saki farashin naira a 2023 riyal ta ƙara nauyi, ladabina ma ya ƙaru.

Ba wai ban san sauran labarin ba. Na san lefen da suke zubawa ya sa samarin Kazaure da Gwiwa masu zaman gida sun koma 'yan kallo, wasu har sun sayar da gonar gado sun bi hanya. Na san amaryar da ango ya bari a ɗaki kafin lallenta ya goge, ta yi shekaru tana yi wa surukarta daka, aurenta duk ya koma cikin WhatsApp. Na ga waɗanda aka koro lokacin da Saudiyya ta tsananta kamen baƙin haure a 2013, daga su sai kayan jikinsu, Alhajin ma muka daina kiransu. Matan Kano-Jidda kuwa, da suka yi aikatau suka gina gidaje da guminsu, mu karɓi tsarabarsu da safe, mu ci namansu da yamma.

Saboda haka 'yan'uwa, idan mai fasfo ya zo neman 'yarku, kada ku turo shi wurina. Ku nemi dattijon da zai iya duban idonsa ya tambaye shi yaushe zai dawo ya zauna da iyalinsa. Ni dai kwalin dabino ɗaya ya isa in ce na bayar.