Murhun Goggo a Jikin Taubashi

Taubashi, labarinka na daren cika-ciki ya iso ni. An ce malmala huɗu ka tayar, da aka ce ka kama buhu a sa a amalanke sai ka ce jikinka ba ƙarfi. To ina tuwon ya tafi?

Bari in bi maka sawunsa, tunda kai iyakar saninka da shi maƙogwaro. Hanji ya mayar da shi sukarin da ake kira gulukos, jini ya raba wa ƙwayoyin halittar jikinka. Kowace ƙwaya ta fara tsaga sukarin gida biyu, ta samu ATP biyu kacal. ATP ɗin nan shi ne kuɗin cefanen jiki, ko ƙifta ido sai an biya da shi. Ribar gaske tana cikin wasu ƙananan murahu, maitokondiriya, inda ake ƙone ragowar da iskar oksijin sannu a hankali, ba harshen wuta, a tashi da ATP wajen 30. Hans Krebs ne ya gano zagayen girkin a Ingila a 1937, har ya ci kyautar Nobel a 1953. Da kai ya samu a ɗakin gwaji, da har yau yana jiran tukunya ta tafasa.

Abin da girkin ke bari ruwa ne da iskar kabon dayoksaid, ita kake fitarwa da minsharin da ya hana Amarya barci.

Ranar da karen maƙwabta ya biyo ka kuwa, iska ta kasa wa ƙafafunka, suka koma ga ATP biyun nan, suna tara asid irin mai sa nono tsami. Shi ya sa ka zube gindin darbejiya kana haki, rawani a hannu.

Kada ka ce gado ne. Murahun nan daga uwa kaɗai ake gadonsu, naka na Goggo ne, matar da ke surfe tiya biyar kafin hantsi. Kayan aiki lafiya lau. Kai ne ba ka kashe kuɗin, jiki kuwa ba ya zubar da rara: kaɗan ya ajiye a hanta da tsoka, sauran ya mayar kitse. Ga asusun nan a gabanka, babbar riga ta kasa rufa masa asiri.

Gobe da asuba ina tafe da fartanya biyu. Ka gaida Goggo, ka ce mata zan gwada murhunta.