Tattakin 'Yan Agege

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo wa samarin Agege: biyan kuɗi domin a yi tafiyar ƙasa. Abin da kakanninmu fatake suka yi daga Kano zuwa Gwanja don neman goro, shi ake buɗe wa zaure a WhatsApp yanzu, har da ciyaman da ma'aji.

A waya aka kwaso cutar. Wani ya ga hotunan Turawa suna yawo a gandun Tierra del Fuego, wanda aka kafa a 1960 can ƙurewar kudancin Ajantina, kusa da garin Ushuwaya. Yankin sanyi ne, ko a tsakiyar bazararsu zafi bai cika wuce digiri 15 ba, shi ya sa kowa ke cikin jibgegiyar riga da hular ulu. Samarinmu suka bar musu tafiyar, suka ɗauko rigar. Ana jibi tafiya sai a yi wa kasuwar Katangowa tsinke, a zaɓo rigar sanyi ta gwanjo, da ƙaton takalmi, da jakar goyo. Duk wannan a Legas, inda zafi ke haura digiri 30, gumin jiya ma bai gama bushewa ba.

Wurin zuwa kuwa shi ne Lekki Conservation Centre, dajin fadama mai hekta 78 da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990. An sa ƙarfe bakwai a haɗu a Pen Cinema. Ƙarfe tara ma'aji yana bugo waya yana cewa "ga ni nan a hanya", alhali ana jin ƙarar bokiti a bayansa. Kafin mota ta tashi an loda kular shinkafa, da kilishi, da burodin Agege, da darduma, da buta, da sifika. Wanda ya gani zai rantse kai amarya za a yi.

Daga nan sai gosulo. Gadar Third Mainland kaɗai ta kusa kilomita 12, ga hanyar Lekki tana jira. Mutanen da suka fito motsa ƙafa sai su yi rabin yini a zaune, gwiwar wannan a bayan wancan, kuma ba mai cire rigar sanyi, don tun a mota ake fara hoto.

Can ciki akwai hanyar katako shimfiɗe cikin inuwa, wadda ko kaka za ta bi da sandarta. Ba ita aka zo wa ba. Gadar sama aka zo wa, wadda aka buɗe a 2015, mai tsawon mita 401, ƙololuwarta ta haura mita 22 daga ƙasa, tana lilo da duk wanda ya taka ta. A nan ake sanin maza. Wanda ya cika mota da labarin yadda yake hawa dutsen Dala da gudu, shi za ka ji yana jero addu'o'in da rabonsa da su tun makarantar allo. Wani ya riƙe igiya da hannu biyu, ya waiwayo murya na rawa: "Alhaji, kuɗin nan da kake bi na, don Allah ka yafe." Alhaji ba ya amsawa, idonsa a rufe yake. Da an sauko kuma kowa ya gyara hula, ya ɗora hoton da aka ɗauka a matakalar farko, ya rubuta cewa namiji ba ya tsoro.

Birran dajin ne kaɗai ba sa asara a wannan harka. Sun san ledar burodi daga nesa, kuma ba sa neman izinin ciyaman.

Ni abin da ke ba ni dariya, gwanayen tafiyar suna nan cikin unguwa ba wanda ya gayyace su. Mai ruwa yana tura kura da jarka goma tun asuba. Mai gyaran takalmi yana zaga layi-layi yana ƙwanƙwasa akwatinsa, tela mai keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi har la'asar. Ka gaya wa ɗayansu cewa an biya kuɗin mota da na shiga don a yi tafiyar da ba ta kai daga Zango zuwa Oko-Oba ba, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Yallaɓai, da ni kuka ba kuɗin, sai ku biyo ni."

Bayan isha'i ake dawowa. Daga bakin titi zuwa gida tafiyar minti biyar ce, amma jaruman sai sun tsayar da Keke Marwa, wai ƙafa ta yi tsami. Washegari ba mai buɗe shago da wuri. Zaure kuma ya cika da shawarar tafiya ta gaba: wasu na son dutsen Olumo na Abeokuta, wasu na cewa ya cika tsawo. Ba a samu daidaito ba sai da ciyaman ya bincika ya tabbatar wa jama'a cewa an saka wa dutsen na'urar hawa.