Motar da Ba Ta Son Asuba

Tun da hunturu ya kama, Golf ɗina ta tsiro da wani hali. In na murɗa makulli da safe sai ta ce "wo... wo... wo", a hankali, tana jan numfashi, daga nan ko ta kama ko ta yi gum. Amma da zarar ta tashi ta ɗan zaga gari, shi ke nan, ko sau nawa na kashe ta a ranar, taɓawa ɗaya take jira. Ciwon na asuba ne kawai.

Wanda bai san Bena ba zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. Mu nan ƙasar Danko-Wasagu muke, dab da iyakar Zamfara, kuma duk mai zuwa Ribah ko Zuru ya san ƙa'ida ba sai an karanta masa ba: ka fita da wuri, ka dawo da sauran rana, kada magariba ta riske ka a daji. Ga shi kaka ta yi, masara da dawa sun cika kasuwa, lokacin da mai mota ke haɗa na cefanen shekara. Motar da za ta cinye maka safiya ta cinye maka lodi guda ke nan.

Maganin farko shi ne na kowa, wato turi. A sa giya ta biyu, a danne kuloci, in ta ɗauki gudu a saki. Matura kuwa a masallaci nake samunsu, don babu inda ake tara ƙarti da asuba in ba can ba. Da farko da fara'a suke yi. Da tafiya ta yi tafiya, sai na lura da liman ya sallame sahun da nake ciki ke fara watsewa. Wani maƙwabcina da ban taɓa sani da dogon wuridi ba ya koma jan carbi har rana ta fito, ido a rufe, sai ya ji ƙarar motar ta yi nisa sannan ya shafa.

A teburin mai shayi aka buɗe asibiti. Wani ya ce fetur ne: tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya koma sayen kwalba-kwalba wurin 'yan bumburutu, tanki kullum a ƙasa, famfo na zuƙo datti. Wani ya ce fulogi. Wani tsohon direba, wanda ba ya yarda akwai mota a duniya bayan Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, ya ce tsufa ne kawai, tunda irin wannan Golf ɗin a 1991 aka fara ƙera ta, da mace ce da tuni ta aurar da 'ya. Sai wani dattijo ya jawo ni gefe, ya rage murya.

"Ɗana, wagga mota ba ciwon ƙarfe gare ta ba. Baki ne. Ka samu a yi mata hayaƙi."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban da hayaƙin, shi ma don uwargida ta ce ba da garwashinta za a kusanci tankin fetur ba. Bakanike ya canza fulogi, ya canza matacin mai, ya wanke injekta, ya karɓi kuɗinsa. Da safe, wo... wo... wo. Mai batir ya ɗora wata 'yar waya a kan batirina, ta yi tartsatsi, ya girgiza kai ya yi mini ta'aziyya, na sayi sabo. Sabon ya yi 'yan kwanaki yana tashi da ƙarfinsa, har na fara gaida mutanen masallaci da murya sama, sai shi ma ya koyi halin na da. Aka ce kik ne. Aka kwance kik, aka sa masa sabon burushi. A nan na fahimci wani abu game da masu gyara: kowa abin da ke rataye a shagonsa shi yake gani a jikin motarka. Da na je wa mai faci da maganar, na tabbata da iskar taya za a ɗora wa laifi.

A Zuru na haɗu da wanda ya fara yi mini tambaya kafin ya ɗauki sifana, wani tsohon rewaya mai tabarau ɗaure da zare.

"Malam, yaya take kuka?"

Na tsaya a tsakiyar gareji, da girmana da hulata, na yi masa wo... wo... wo. Yaransa suka juya baya suna ƙyaƙyatawa. Shi ko gezau.

Ya ce rashin tashin mota gida biyu ne, kuma kunne ke raba su. In inji na juyawa da sauri, garau, amma ya ƙi kamawa, to batir da kik sun yi nasu, sai a nemi mai, ko tartsatsin fulogi, ko iska. A irin wannan ne ake kasa kunne a ji ko famfon mai ya yi ɗan gurnaninsa in an buɗe makulli, kuma in sai an buɗe an rufe sau biyu ko uku take kamawa, alama ce man na sulalewa ya koma tanki in ta kwana. In kuwa juyawar kanta ce ke da nauyi, irin tawa, to maganar wuta ce: batir, ko kan batir da ya yi farin gari, ko wayar da ke haɗa batir da jikin mota ta saki, ko kik. Ya ce ko a gida mutum zai iya rage zato. Ka kunna fitilun gaba ka murɗa makulli. In suka dushe sosai, wutar ce ba ta isa ba. In suna nan da haskensu amma sai ƙas kake ji, ka nufi kik. Wato fulogina da matacina da wankin injektana duk sadaka na yi.

Ya ɗauko mita. Ya ce lafiyayyen batir da ya huta yana nuna 12.6, in ya sauko wajen 12.2 rabinsa ya tafi, in kuma inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, shaidar cewa altaneta na mayar da abin da aka ci. Nawa duk suka fito daidai. Ya ce sanyi na rage wa batir ƙarfi, yana kuma sa baƙin mai ya yi kauri, amma sanyin Bena bai isa ya kayar da sabon batir ba. Sai ya kashe komai, ya cire kan batir na baƙar waya, ya sa ɗan ƙwan gwaji a tsakani, don in akwai abin da ke satar wuta a ɓoye, rediyo ko fitilar but ko wata waya da ta goge, ƙwan zai kama. Ƙwai bai ko yi ja ba.

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, batirinka lafiya, cajinka lafiya, motarka ba ta yoyon wuta. Da cikinta take kwanciya, ta tashi da yunwa. Akwai mai shan wutar nan da dare, kuma ba a cikin motar yake ba. Ka kwana da ita."

Duk hanyar dawowa maganar dattijon mai hayaƙi ce ke yi mini yawo a ka.

Daren nan ban gaya wa kowa ba. Na ce wa uwargida zan je zaman makoki a bayan gari, na zaga na shige kujerar direba da bargo da tocila da gora, na karanta duk abin da na haddace na tofa gabas da yamma. Sanyi ya ratsa ni, sauro da ake cewa ba ya fita da hunturu ya zo ya ƙaryata masu faɗa. Can dare ya raba, har barci ya fara fizgata, sai na ji ƙaras. Bonet ya ɗaga da kansa. Kafin in gama salati sai ga wasu 'yan idanu sun bayyana a ƙasa, jere reras, ja da kore da shuɗi, suna ƙiftawa. Gorar da na zo da ita ban san inda ta shiga ba. Da na yunƙura in fita ta ƙofar da ke nesa da su, gwiwata ta sauka a kan hon.

Aljanin ya yi ihu ya ce, "Wayyo Inna!"

Ɗan yayata ne, wanda aka kawo mini daga ƙauye ya yi sakandare. Makullin bonet ɗin Golf ɗina ya daɗe da mutuwa, wata 'yar waya ce ke leƙowa ta gaba, kowa ya ja ta buɗe, kuma shi ke wanke motar. Ya maƙala 'yan cizo biyu a kan batir, ya ja waya zuwa wani faifan katako da ya jera wa caja, ga wayoyin hannu sun kai ashirin kwance a kan buhu, kowace da sunan mai ita a manne, ga tociloli, ga rediyo.

"Kawu, don Allah ka tsaya in yi maka bayani. Ai cewa aka yi mota da kanta take yin wuta."

"In tana tafiya, ja'iri! In tana tafiya!"

"To ai shi ya sa nake bari sai ka dawo da ita a cike."

Lissafin ba wuya. Batirin babbar waya ɗaya bai taka kara ya karya ba, amma ashirin in suka taru suna iya kwashe kusan rabin abin da batirin ƙaramar mota ke riƙewa, kafin a zo ga tocila da rediyo. Sauran rabin shi nake tarar da shi da asuba yana wo... wo... wo. Da na sayi sabon batir, yaron ya ga jari ya ƙaru, sai ya ƙara kwastomomi. Naira 100 kowace waya.

Na haska tocila ina karanta sunaye. Ga ta mai shayi. Ga ta wanda ya ce fetur ne. Ga ta mai dogon wuridi. Ga ta dattijon da ya ce baki ne, har biyu, da ta amaryarsa. A ƙarshen layi ga wata mai jan kwali da na sani sarai, don ni na saye ta.

"Ita Inna kyauta nake yi mata," in ji shi.

Uwargida, da hon ya taso ta, tana tsaye a bakin zaure da mayafi. Na nuna mata wayar. Ta ce, "Ai ba ka tambaye ni ba, Malam. Kai ba makoki ka ce za ka ba?"

Da safe na kai ƙara teburin mai shayi, ina zaton za a sunkuyar da kai. Mai wuridi ya kurɓi shayinsa ya ce su ne ma ya kamata su yi ƙara, don sau biyu suke biya, ɗari da dare, turi da safe. Tsohon direba ya ce da 504 ce, ko wayoyin Bena duka aka jona mata ba za ta nuna ba.

Na sa wa bonet kwaɗo. Tsohon batirin nan da aka yi mini ta'aziyyarsa, wanda ashe ƙalau yake, yaron ya roƙa na ba shi, ya haɗa da ribar da ya tara a kaina ya sayi ɗan faifan sola ya kafa a kan rufin zaure. Yanzu da rana tsaka yake sana'arsa, har da benci na masu jira. Ran nan wayata ta mutu, na miƙa masa. Ya juya ta, ya manna mata suna, ya miƙo hannu.

"Kawu, 150 ne yanzu. Kayan aiki sun yi tsada."